Tsohuwar mota a hanyoyin Adar: yaushe ya kamata a sauya kuruwar cikin inji?

Galibin motocin da ke jigilar mutane da kaya tsakanin birnin Tahoua da garuruwa irin su Keita, Tamaske, Barmu da Takanamat sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano suke shigowa. Tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, hanyar Lome ce ta ɗauki kaso mai yawa. Ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya ya zuba guminsa a irin wannan mota, yakan kula da juyen mai da tayoyi da birki. Abin da aka fi mantawa shi ne wani ɗamarar roba mai haƙora da ke ɓoye a gaban inji, wanda makanikanmu ke kira kuruwar distiribisiyo, na Najeriya kuma su ce taimin bel.

Da farko a raba ta da ƴar'uwarta. Kuruwar da kake gani da zarar ka ɗaga murfin mota, mai juya fanka da na'urar cajin batir, daban take. Ita idan ta tsufa tana ƙara, idan ta tsinke kuma sau da yawa a bakin hanya ake sauya ta. Wadda muke magana a kanta tana bayan wani marufi na roba ko ƙarfe, kuma ba kasafai take yin gargaɗi ba.

Aikinta daidaita lokaci ne. A ƙasan inji akwai sandar da fistan ke juyawa, a sama kuma akwai wata sandar da ke buɗe supap, wato ƴan ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ya fita. Kuruwar ce ke haɗa su, ta yadda duk juyi biyu na sandar ƙasa, ta sama za ta yi ɗaya. Idan inji na juyi 3000 a minti, kowane fistan na hawa sama sau 50 a daƙiƙa guda. A injuna da yawa, wurin da fistan ke kaiwa shi ne wurin da supap ke leƙowa idan ta buɗe; lokaci ne kawai ke raba su. Da kuruwar ta tsinke, ko haƙoranta suka zube, sandar sama ta tsaya, fistan kuwa ya ci gaba da hawa ya daki supap. Sai a samu supap sun lanƙwashe, wani lokaci kan inji ya tsage ko fistan ya fashe. Aikin da bakanike zai gama cikin yini ɗaya ya koma sauke inji, ko neman wani injin daga Kwanni, Sakkwato ko Kano.

Ba kowace mota ce ke da wannan matsala ba, don haka kafin a kashe ko dala ɗaya, a san irin injin da ake da shi. Wasu sarƙar ƙarfe ce ke yin wannan aiki, tana wanka cikin man inji, kuma ba a sa mata ranar sauyi. Tsofaffin Mercedes 190, da Corolla mai fetur ta shekarun 2000 zuwa sama mai injin VVT-i, da Land Cruiser mai fetur ta injin 1FZ ko 1GR, da Hilux mai gazuwal da aka soma fitarwa a 2015, duk sarƙa gare su. Su abin da suke so shi ne mai mai kyau a kan lokaci. Kuruwa kuwa tana cikin Starlet da Corolla da Carina na shekarun 1990, da Peugeot 206, 406 da Partner, da Hilux da Hiace masu gazuwal na injin 2L, 3L, 5L da D-4D na farko, da kuma Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda ita ce jakar hanyoyin arewa. A kula: rubutun VVT-i kaɗai ba hujja ba ce, domin injin V6 na tsofaffin Camry da Sienna yana da wannan rubutu amma kuruwa gare shi. Lambar inji ce ke raba gardama.

Ko a cikin masu kuruwar akwai rangwame. Injin 4A-FE na tsohuwar Corolla, alal misali, an ƙera shi da tazara tsakanin fistan da supap, saboda haka idan kuruwa ta tsinke mota takan mutu ne kawai. Injunan gazuwal ba su da wannan tazara. Mai Hilux ko Land Cruiser ko Peugeot bai da dalilin jira.

Kamfanoni suna ba da wa'adi iri biyu, na tafiya da na shekaru, kuma wanda ya riga cika shi ake bi. Gwargwadon mota, wa'adin na kamawa daga kilomita dubu 60 zuwa dubu 160, ko shekara 4 zuwa 10. Toyota ta sa wa tsofaffin injunanta na gazuwal kilomita dubu 100, na baya-baya kuma dubu 150. A nan ne lissafin ke rikicewa a ƙasarmu. Agogon kilomita na motar da ta ratsa hannun dillalai uku ko huɗu ba abin rantsuwa ba ne. Mayar da shi baya tsohuwar sana'a ce, wasu kuma agogon ya daina aiki tun tuni. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil dubu 100 ya kai kilomita dubu 160. Taksin da ke yini yana zaga gari, ko motar kasuwa da ke tsaye a tasha inji na aiki ana jiran fasinja, kuruwarta na juyawa alhali agogo bai motsa ba.

Sannan ga yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Tahoua yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin murfin mota. Zafi na busar da roba. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye na shiga ta duk inda marufin ya tsage ko aka bar shi ba ƙusa, su zauna tsakanin haƙora suna ci. Littattafan kamfanoni irin su Peugeot da kansu suna rage wa'adi ga motar da ke aiki cikin ƙura da zafi. Abin da suke kira yanayi mai tsanani, shi ne kullum ɗinmu.

Masu Toyota mai gazuwal sun san ƴar fitilar nan mai rubutun T-BELT. Ba ta ganin kuruwar, ba ta kuma san halin da take ciki. Kilomita kawai take ƙirgawa, kuma kashe ta aikin ƴan mintuna ne. Rashin kamawarta ba shaida ba ce cewa an sauya komai.

A ganinmu shawarar mai sauƙi ce. Wanda ya sayi mota mai kuruwa, bai kuma ga takardar gareji ko manne a jikin inji mai ɗauke da ranar sauyi da adadin kilomita ba, ya ɗauka ba a taɓa sauyawa ba, ya sa kuɗin aikin cikin kuɗin sayen motar tun wurin ciniki. Bakanike na iya buɗe marufin sama ya duba. Idan ya ga tsagewa, ko gefen ya soma zare, ko bayan ya yi sheƙi, ko mai ya jiƙa ta, magana ta ƙare. Amma ganin ta da kyau ba ya wanke ta, domin haƙora kan zube daga gindi ba tare da alama a baya ba. Inda jinkiri ke da ma'ana shi ne injin da ya riga ya gaji, yana shan mai yana hayaƙi, ana shirin sauke shi. A nan sai a haɗa aikin gaba ɗaya.

Idan za a sauya, a sauya da abokan aikinta. Ƴan gare-garen da ke ɗaure ta da masu riƙe mata hanya tare suka tsufa, kuma idan ɗaya ya cije, sabuwar kuruwa ma tsinkewa za ta yi. A injunan da ita ke juya famfon ruwa, kamar na Peugeot, a sauya shi ma, tunda kuɗin buɗewa ɗaya ne. Idan robobin da ke tare mai suna yoyo, a sauya su, don mai na ruɓar da kuruwa. Sunaye irin su Gates, Dayco, Continental da Mitsuboshi sanannu ne, shi ya sa ma ake buga na jabu da kwalinsu; a saya wurin mai shagon da za a iya komawa gare shi. Kuruwar da aka ciro daga wani inji, ko wadda ta shekara rataye a rana a bakin shago, ba araha ba ce.

Wurin ɗaurawa ma akwai abin lura. Haƙori ɗaya idan ya goce, mota za ta rasa ƙarfi ko ta ƙi tashi. Bakaniken da ya san aikinsa yakan daidaita alamomin, ya juya injin da hannu sau biyu cikakku, ya sake duba su kafin ya taɓa makulli. Ya kuma mayar da marufin da ƙusoshinsa duka. Mai mota ya sa a rubuta ranar da kilomita da fenti a jikin marufin, ya ajiye kwafi tare da takardun mota.

Hanyar Tahoua zuwa Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom, ta haura kilomita 600, kuma bayan Tabalak da Abalak garuruwa na nisa da juna. Direban da injinsa ya mutu farat ɗaya yana cikin tafiya, ya murza makulli ya ji injin na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba amma bai kama ba, ya dakata. Kada a sake murzawa, kada kuma fasinjoji su sauko su tura, domin kowane juyi na iya ƙara lanƙwasa supap. A nemi igiya a ja motar zuwa gareji mafi kusa, a buɗe marufin sama a gani.