A Nemi Cikakken Wasan Morbius

Zuwa ga Edita. Ina roƙon fili in yi wa 'yan'uwa nasiha game da wasan Doctor Who mai suna The Brain of Morbius, wanda BBC ta Ingila ta nuna kashi huɗu cikin 1976. Labarin likita Solon ne, mai harhaɗa gaɓoɓin matattu domin ya dasa musu ƙwaƙwalwar azzalumi Morbius. Kaset ɗin 1984 an datse shi ya koma wajen sa'a guda, labarin ya gutsuttsure. Cikakkensa ya fito cikin 1990, faifan DVD kuwa cikin 2008. Waɗannan nake so a nema. Amma kada a bar yara su kalla su kaɗai, akwai ban tsoro ƙwarai.