Ruwa ke zaɓa wa itace mazauni

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ya ratsa Kura zuwa Kadawa, zai lura cewa itatuwa ba a warwatse suke kara-zube ba. Kuka da ɗorawa da kaɗanya suna kan tudu, giyayya da bagaruwa da ɓaure kuwa sai a bakin rafi da cikin fadama. Ba manomi ne ya raba musu wuri ba, ruwa ne.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwa tana numfashi da iskar da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta makonni, sai ya kori iskar, saiwar da ba ta saba ba ta fara ruɓewa. Shi ya sa za ka ga ɗorawa a tsakiyar ruwa amma ganyenta ya yi rawaya, rassan sama suna bushewa kamar wadda fari ya kama. Giyayya kuwa takan yi watanni gindinta a cikin ruwa ba ta damu ba. Bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, har amfana take yi: ambaliya ta jiƙa ƙwallonta mai tauri, ruwa ya janye, ta tsiro a danshin laka. Kanya takan yi dabarar hawa kan suri, ga danshi a kusa, ga saiwa tana shan iska.

Abin lura shi ne, itatuwan fadama ba ruwa kawai suke so ba, zuwansa da tafiyarsa suke so. Wannan tsari ne ya canza bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam an share gonaki, an baje su, an haƙa hanyoyin ruwa domin noman alkama da shinkafa da tumatir. Ƙasar da a da take bushewa rani ya huce a kanta, yanzu tana shan ruwa rani da damina. Inda magudanai suka toshe, ruwan ƙasa yakan taso kusa da sama, kuma itacen tudu ba ya jure hakan.

Tasirin bai tsaya a Kadawa ba. Da Tiga, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage ambaliyar da ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda dazuzzukan bagaruwa da goruba suka dogara da ita. Wasu wurare sun daina samun ruwa, wasu kuma ruwan ya daina ɗaukewa, ciyawar kacala ta mamaye su, ta toshe hanyoyin ruwa.

Saboda haka, mai niyyar dashe ya fara tambayar kansa: wata nawa ruwa ke kwanciya a nan? Inda yake daɗewa, a sa giyayya ko bagaruwa. Ɗorawa da kuka da mangwaro a kai su tudu. Ƙungiyoyin manoman rani da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are su haɗa hannu wajen yashe magudanai, manoma kuma su daina sare itatuwan bakin rafi, domin saiwarsu ce ke riƙe gaɓa ranar da ruwa ya cika.