Ka Buɗe Wayarka ko Ka Kwana a Gidan Yari

A watan Satumba na 2015 wata kotun tarayya a birnin Filadelfiya na Amurka ta aika da Francis Rawls, tsohon sajan ɗin 'yan sanda, gidan yari. Ba a same shi da wani laifi ba, hasali ma ba a kai ga gurfanar da shi ba. Masu bincike sun zarge shi da ajiye hotunan lalata da ƙananan yara, suka kwashe kwamfutarsa da faya-fayan ajiya guda biyu, suka tarar da su a kulle. Kotu ta ce ya buɗe, ya ce ya manta kalmar sirrin. Alƙali bai yarda ba, ya ce wannan raina kotu ne, ya zauna a tsare har ranar da zai tuna. Sai a watan Fabrairu na 2020, bayan ya shafe fiye da shekara huɗu, kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar tarayya ba ta yarda a tsare mai ƙin ba da shaida fiye da wata 18 ba, aka sake shi.

Abin da ake zarginsa da shi abin ƙyama ne, ba mai jayayya da haka. Sai dai a irin waɗannan shari'o'in ne ake gane ƙarfin haƙƙi, domin ba wanda ke neman tauye haƙƙin mutumin da kowa ke so. Tambayar ita ce: hukuma tana da ikon tilasta wa mutum ya fito da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa don a yi amfani da shi a ɗaure shi?

Asalin maganar a Ingila yake. A shekarar 1637 aka kai wani matashi mai suna John Lilburne gaban kotun sarki da ake kira Star Chamber, bisa zargin shigo da littattafan da aka haramta. Al'adar kotun ita ce a rantsar da mutum cewa zai amsa duk abin da aka tambaye shi, tun kafin a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi. Lilburne ya ƙi rantsuwa. Aka yi masa bulala a bainar jama'a a titunan Landan, aka jefa shi kurkuku. A 1641 majalisa ta rushe wannan kotu, kuma daga wannan gwagwarmaya ne ƙa'idar ta yi ƙarfi, har ta shiga kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, a gyara na biyar, wanda ya hana tilasta wa kowa zama shaida a kan kansa a shari'ar laifi.

Dalilin ƙa'idar ba boyayye ba ne. Wanda aka rantsar aka ce dole ya amsa, hanya uku ce a gabansa, kowacce da ramin mugunta a kanta: ya yi ƙarya ya ci rantsuwa, ya yi shiru a ce ya raina kotu, ko ya faɗi gaskiya ya kai kansa ga halaka. Sannan duk hukumar da ta saba samun hujja daga bakin wanda ta kama, lalaci yakan kama ta, ta bar bincike ta koma ga duka. Mai karatun fikihu ba zai ji wannan baƙon abu ba ne, don ya san kawo hujja nauyin mai ƙara ne, kuma mafi yawan malamai ba su ɗauki iƙirarin da aka samu da tilas a bakin komai ba.

Amma haƙƙin yana da iyaka tun asali. Ya kare abin da ke cikin tunani, bai kare jiki ba. A 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ɗibar jinin direban da ake zargi da tuƙi cikin maye ba tilasta shaida ba ce. Haka ɗaukar zanen yatsa, ko sa mutum ya tsaya a layi a nuna shi. A wata shari'a ta 1988 Mai shari'a John Paul Stevens ya kawo misalin da lauyoyi ke ta juyawa har yau: ana iya tilasta wa mutum miƙa makullin akwati, amma ba a tilasta masa faɗin lambobin buɗe akwatin ƙarfe da ya haddace. Makulli abu ne da ke aljihu, lambobi kuwa ilmi ne da ke cikin kai.

A wancan zamanin bambancin bai dami 'yan sanda ba. Idan mai akwati ya ƙi magana, a kira maƙeri ya fasa. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai kullen da maƙeri ba ya iya fasawa. Wayar zamani ba ɓoye saƙonni da hotuna kawai take yi a bayan ƙofa ba. Takan dagula su gaba ɗaya ta hanyar lissafi, su koma tarkacen lambobi marasa ma'ana, kuma ba abin da zai mayar da su yadda suke sai mabuɗin da aka ɗaure da lambar sirrin mai wayar. Lamba mai ɗigo shida tana da zaɓi miliyan ɗaya, wanda ba wani abu ba ne ga kwamfuta, sai dai wayar takan jinkirta mai cankar bayan ya yi kuskure kaɗan, wata ma ta goge komai bayan kuskure goma idan an saita ta haka. Doguwar kalmar sirri kuwa, mai haruffa da lambobi a cakuɗe, tana iya cinye shekarun da suka fi na duniya kafin a canko ta. A 2014 kamfanin Apple ya mayar da irin wannan kulle ya zama haka wayoyinsa suke fitowa, ya ce shi kansa ba zai iya buɗewa ba. Rikicinsa da hukumar FBI a 2016, kan wayar ɗaya daga cikin maharan San Bernardino da suka kashe mutum 14, ya ƙare ne bayan hukumar ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata. Ba kullum ake dacewa haka ba, shi ya sa masu gabatar da ƙara suka juyo kan mai wayar.

Ƙofar da suke bi wani hukunci ne na 1976, shari'ar Fisher, wadda ta shafi takardun haraji. Kotun Ƙoli ta yarda cewa miƙa takarda ma magana ce, don wanda ya miƙa ya amsa cewa takardar tana nan, tana hannunsa, kuma ta gaske ce. Sai ta ƙara da cewa idan hukuma ta riga ta san duk wannan, to miƙawar ba ta ƙara mata komai ba, ana iya tilastawa. Da wannan aka kama Sebastien Boucher. A watan Disamba na 2006 jami'an kan iyaka a jihar Vermont suka duba kwamfutarsa, suka ga hotunan da doka ta haramta, suka kashe ta, da aka sake kunnawa ta kulle. Majistare ya ce ba za a tilasta masa ba. A 2009 alƙali na sama ya soke wannan, ya ce ai jami'ai sun riga sun gani da idonsu.

A nan ne gardamar take, kuma a nan kotuna suka rabu. Me ya kamata a ce hukuma ta riga ta sani? Wasu alƙalai sun ce ya isa ta nuna cewa wayar ta mutumin ce kuma ya san lambarta. Wasu suka ce a'a, sai ta nuna ta san abin da ke ciki. Kotun ƙolin jihar Pennsylvania a 2019, da rinjayen huɗu da uku, ta hana tilasta wa wani mutum faɗin kalmar sirrinsa mai haruffa 64. Ta jihar Indiana ta bi sahu a 2020. A wannan shekarar dai ta jihar New Jersey, ita ma huɗu da uku, ta ce dole wani jami'in tsaro da ake zargi da tsegunta wa dillalin ƙwaya sirrin bincike ya ba da lambobin wayoyinsa biyu. A 2023 Illinois ta ce a tilasta, Utah ta ce ba a tilastawa. An kai hukuncin Pennsylvania da na New Jersey gaban Kotun Ƙolin ƙasar, ta ƙi sauraron ko ɗaya. Kundin tsarin mulki ɗaya ne, amma haƙƙin mutum ya dogara da jihar da aka kama shi.

A ganina ra'ayin farko ya cinye haƙƙin gaba ɗaya. Wane ne bai san lambar wayarsa ba? Idan wannan kaɗai ake buƙata, togaciya ta zama ita ce doka. Kuma shari'ar Fisher kan wasu takardu ƙidayayyu aka yi ta, waɗanda hukuma ta ambata ɗaya bayan ɗaya. Waya kuwa tana ɗauke da hirar mutum da matarsa, bashin da ake binsa, cutar da ya nemi maganinta da tsakar dare, inda ya kwana shekaru uku da suka wuce. Ita kanta Kotun Ƙolin ta faɗi makamancin haka a 2014, lokacin da ta ce ba a bincika wayar wanda aka kama sai da takardar izinin kotu. Wanda aka ce ya buɗe irin wannan rumbu don a shiga a lalubo abin da za a tuhume shi da shi, bai yi nisa da Lilburne ba.

Yatsa da fuska sun ƙara dagula lissafin. Tun 2014 wani alƙali a jihar Virginia ya ce ana iya tilasta ɗora yatsa a kan waya amma ba a tilasta faɗin lamba, tunda yatsa jiki ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da yammacin Amurka ta yarda da haka a 2024. A watan Janairu na 2025 takwararta ta birnin Washington ta ce a'a, wanda aka umarta ya buɗe da yatsa ya nuna cewa ya san yadda ake buɗewa kuma wayar tasa ce, wannan ma shaida ce. Abin dariyar shi ne waya ɗaya, bayanai ɗaya, amma kariyar mai ita tana iya rataya a kan zaɓin da ya yi ranar da ya saye ta don gudun wahalar danna lamba.

Birtaniya, inda haƙƙin ya samo asali, ba ta tsaya wannan dogon lissafi ba. Dokar ikon bincike ta shekarar 2000, wadda wannan sashe nata ya fara aiki a 2007, ta mayar da ƙin miƙa mabuɗi laifi mai zaman kansa: ɗaurin da zai kai shekara biyu, ko biyar idan batun tsaron ƙasa ne ko lalata da yara. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kalmar sirri abu ce da ke wanzuwa ko mai ita ya so ko bai so ba, kamar makullin aljihu. A 2010 aka ɗaure wani matashi ɗan shekara 19 mako 16 saboda ya ƙi faɗin kalmarsa mai haruffa 50. A 2017 kuma aka sami Muhammad Rabbani, daraktan ƙungiyar CAGE, da laifi ƙarƙashin dokar ta'addanci, don ya hana jami'an filin jirgin Heathrow lambobin wayarsa da kwamfutarsa, yana mai cewa akwai bayanan wani da aka azabtar da ya ba shi amana. Faransa ma haka: ɗaurin shekara uku da tarar yuro 270,000, kuma a watan Nuwamba na 2022 babbar kotunta ta tabbatar da cewa lambar buɗe waya tana iya shiga ƙarƙashin dokar.

Masu goyon bayan waɗannan dokoki suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba su da ita ba. Akwai yaran da ake cutarwa waɗanda ba za a gano su ba sai an buɗe faifan. Akwai wanda aka sace, kuma inda aka ɓoye shi yana cikin wayar da ke kan teburin ɗan sanda. Sai dai dokar tana da wani rauni da ba ta iya rufewa: mantuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban na'urar cirar kuɗi lambar katinsa ta ɓace masa ya san abin yana faruwa, balle kalmar da mutum ya yi watanni bai taɓa ba saboda na'urar tana hannun 'yan sanda. Alƙali ba ya ganin cikin kai. Mai laifi na gaske yana iya yin lissafi ya zaɓi shekara biyu maimakon ashirin, shi kuwa wanda ya manta da gaske ba shi da abin da zai bayar ya fita.

A Najeriya rubutun doka ba shi da laifi. Sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauyansa, sashe na 36(11) ya hana tilasta wa wanda ake yi wa shari'a ba da shaida, na 37 kuma ya kare sirrin saƙonni da hirar tarho. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 45, ta ce jami'i ya je gaban alƙali ya karɓo takardar izini, da ita zai iya bincika na'ura ya yi amfani da fasaha ya kwance bayanan da aka kulle. To amma yawancin wayoyin da ake buɗewa a ƙasar ba a gaban alƙali ake buɗe su ba. A shingen hanya ake yi, da tsawa da bakin bindiga, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fusata matasa har aka yi zanga-zangar EndSARS. A farkon watan Oktoba na 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya fito ya hana jami'ansa binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a barkatai. Wanda aka matsa wa ya buɗe, ya sani cewa dokar shaida ta 2011 ta bambanta abu biyu. Sashe na 29 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar zalunci. Amma hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, sashe na 14 ya bar wa alƙali ya auna, kuma zai karɓe ta sai dai idan ya ga munin hanyar da aka bi ya rinjayi amfaninta. Saƙon da aka gani a wayar da aka buɗe da mari yana iya shiga gaban kotu, shi ya sa neman lauya ya fi amfani kafin a danna lambar, ba bayan an danna ba.