Ka Miƙa Takarda, Shiru Kake Ji: Ina Takardar Ta Maƙale?

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin matasa na wannan mako, kan doguwar jiran da masu neman aikin gwamnati ke yi a Gana, musamman 'yan Zango na Nima da Maamobi a birnin Akra.

Idan ka zauna inda samari ke shan ataya, za ka ji magana ɗaya: "Na cika fom, ina jira." Wani wata shida, wani shekara uku. To me ke jawo haka? Neman aikin gwamnati tasha-tasha ne, kuma kowace tasha da mai riƙe da mabuɗinta.

Tasha ta farko hidimar ƙasa ce, wadda aka fara tun 1973. Wanda ya gama babbar makaranta sai ya yi shekara guda yana yi, sannan ya samu takardar da ma'aikatu ke tambaya. Malamin makaranta kuma, tun 2018, sai ya ci jarrabawar lasisi. Nas ma da tata jarrabawar, da shekarar zagayen asibitoci.

Tasha ta biyu ita ce mai cinye shekaru. Hukumar lafiya ko ta ilimi ba ta iya ɗaukar mutum sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini cewa akwai kuɗin albashi. Asibiti na iya rasa ma'aikata, nas tana zaune a gida a Maamobi da lasisinta, amma in babu wannan izini, babu aiki. Gana ta shiga shirin rancen IMF a 2015, ta sake shiga a 2023 kan dala biliyan 3, kuma duk lokacin da aka ɗaure aljihun gwamnati, kuɗin albashi ake fara dubawa. Shi ya sa ake ɗaukar mutane rukuni-rukuni, bisa shekarar da suka gama.

Tasha ta uku tantancewa ce. A aikin soja, ɗan sanda ko shige da fice, ka sayi katin shiga, ka cika ta intanet, a duba takardu, a auna tsayi, a yi jarrabawa, likita ya duba ka. Tsakanin kowane mataki, jira. Kuma cunkoson ba wasa ba ne. Ranar 12 ga Nuwamba 2025, mutum 6 suka rasu a turereniyar tantance masu neman soja a filin El-Wak, nan kusa da mu. Allah Ya jiƙan su.

Ko an ba ka takardar kama aiki, da sauran rina a kaba. Sai an saka sunanka a jerin albashi na ofishin Akanta Janar, kuma sabon ma'aikaci kan yi watanni yana aiki bai ga ko sidi ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu 'yan Zango: suna. A takardar haihuwa Mahamadu, a sakamakon WASSCE Mohammed, a katin Gana Muhammad. Ko ranar haihuwa ta bambanta. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta sani ba. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet ɗin gwamnati, kuma wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ka gyara tun kafin a buɗe ɗauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aikin ɗamara yana da iyakar shekaru.

Sai maganar "furotokol". Inda jira ya yi tsawo, nan ɗan damfara ke kafa shago. Zai kira ka ya ce yana da gurbi wajen wani babba, ka turo kuɗi ta waya. Uwa ta kwashe jarin kokonta da ƙosai, ƙarshe lambar ta daina shiga. Hukumomin tsaro sun sha sanarwa cewa ba su da ɗan tsakani. Bayan kuɗin katin da aka sanar a fili, duk wanda ya nemi wani abu, ka yi nesa da shi.

Shawararmu, ɗan'uwa, 'yar'uwa: ka san tashar da takardarka take. Idan izinin Ma'aikatar Kuɗi ake jira, yawan zarya ofis ba ya ƙara komai sai kashe kuɗin mota. Kada ka canza lambar wayar da ka cika fom da ita. Ka riƙe ɗinki, gyaran waya ko koyar da yara kafin lokaci ya yi.

Iyaye kuma, don Allah a rage tambayar "har yanzu?" Sau da yawa ba lalaci ba ne, layi ne.

Masu sauraronmu na Lome, Yamai da Kano, yaya abin yake a wajenku? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.