Tsoron Karaya Ya Fi Karaya Cin Mutum: Darasi Daga Alhassan Ɗantata

A Agege da Sabon Ibadan da Shagamu akwai 'yan Arewa da yawa waɗanda suka baro gida da niyyar yin shekara biyu su tara jari su koma, ga shi yau sun haura shekara 10 suna gadi ko dako. Ba ƙwazo suka rasa ba. Abin da ya ɗaure su shi ne tsoron kada ɗan abin da suka tara ya nutse a ciniki, labari ya kai gida, a ce wane ya karye. Sai su fake da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ya kamata mai irin wannan fargaba ya dubi tarihin marigayi Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji cikin 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuwa ta koma Ankara ta ƙasar Gana, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya sami laƙabinsa. Da basasar Kano ta ɓarke a 1893, yana cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Watau ya ga faɗuwa tun bai mallaki abin kirki ba.

Duk da haka ya kama fataucin goro, kuma bai tsaya kan hanyar kakanni kaɗai ba. Sa'ad da fatake ke shafe watanni da jakuna tsakanin Gwanja da Kano, shi yana cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, kowane zuwa da kasadarsa. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, ya juya ga cinikin gyaɗa, har a 1918 ya fara saya wa kamfanin Neja. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano cikin 1929, da raƙuma 20 aka kai masa kuɗinsa na azurfa. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Ba kowa ne zai zama Ɗantata ba, amma hanyar a buɗe take. Da farko mutum ya yanke abin da yake nema, ya sa masa adadi da lokaci. "Ina son arziki" mafarki ne. "Kafin babbar Salla zan sayi kurar ruwa tawa" shi ne buri. Na biyu, ya shiga adashi da amintattu don kuɗin su fita daga aljihu. Na uku, ya zauna ƙarƙashin wanda ya san sana'ar ko da wata shida ne, ya koyi sari da awo da sha'anin bashi. Na huɗu, kada ya zuba dukan abin hannunsa. Ya ware abin da in ya salwanta iyali ba za su kwana da yunwa ba.

Wanda ya gwada ya faɗi ya sayi ilimi da kuɗinsa, gobe ba zai faɗa ramin nan ba. Wanda tsoro ya zaunar kuwa, shekarunsa ne ke salwanta, su kuwa ba a mayar da su. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Allah ya sa a koma gida da abin nunawa, amin.