Fim ɗin da ya bi Moustapha Alassane har ɗakin zanensa a Tawa

A shekarar 2000 ɗan wasan Amurka Ed Harris ya fitar da fim mai suna "Pollock", kan rayuwar Jackson Pollock, mai zanen nan da kan shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya yi ta yayyafa masa fenti, babu siffar mutum ko ta dabba. Fim ɗin ya fi tsayawa kan shan giyarsa da rigingimunsa da matarsa Lee Krasner, har zuwa haɗarin motar da ya yi ajalinsa a 1956.

Tawa ma tana da nata mai zanen da aka yi wa fim, sai dai damuwarsa daban ce. Shi ne marigayi Moustapha Alassane, haifaffen 1942, wanda ya fara da kanikanci kafin ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch a Yamai, daga bisani ya tafi Kanada ya koyi sarrafa zane mai motsi a wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da "Bon voyage Sim", inda ya zana shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki cikin fankama, shaguɓe ne ga shugabannin da suka karɓi mulki bayan 'yancin kai. Kwaɗin nan bai rabu da su ba: su ne kuma suka shiga fili a "Kokoa", fim ɗinsa na kokawar gargajiya.

A ƙarshen rayuwarsa Tawa ya zauna, yana riƙe da otal, ya mai da wani sashensa ɗakin aiki. Nan Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka same shi, suka shirya "Moustapha Alassane, cinéaste du possible" da ya fito a 2009. Ba su ɗauko ɗan wasa ya kwaikwaye shi ba. Shi da kansa ake gani, dattijo cikin zane-zanensa da 'yan tsanarsa, yana aiki da ɗan abin da ya samu. Abin da ke cin rai a nan shi ne rashin kuɗi da kayan aiki ga mutumin da ake lissafawa cikin waɗanda suka buɗe fagen zane mai motsi a Afirka.

Ya rasu ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu. Bayan shekara biyu gidan adana zane na MoMA da ke New York, wanda ke ajiye da ayyukan Pollock, ya nuna jerin finafinansa.

Matsalar ita ce da Faransanci aka yi fim ɗin tarihin nasa, alhali akasarin mutanen Adar da Hausa suke sauraro. A Kano kullum ana fassara finafinan Indiya masu awa uku. Wannan bai kai awa biyu ba, kuma hukumomin al'adu na jihar Tawa ya kamata su fara neman izinin fassara shi.