3.4 Shingen Jan Ƙarfe da Matsalar Dodon Koɗi a Lambunan Bakolori

A wannan sashe za a dubi wata dabara ta kare komin lambu daga dodon koɗi, sannan a auna dacewarta da manoman rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka dogara da madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978.

Dodon koɗi, mai ƙoƙo a baya da maras ƙoƙo, halitta ce mai son laima. Yakan ɓuya da rana, da dare ya fito ya cinye ganyen latas da kabeji da dashen da bai yi ƙwari ba. Don haka masu lambu a Ingila sukan kewaye bakin komi da siririn fallen jan ƙarfe. Hujjarsu ita ce, idan yauƙin jikinsa ya taɓa ƙarfen yakan ji wani ɗan zafi, sai ya juya. Sai dai gwajin da ƙungiyar masu lambu ta Ingila, wato RHS, ta yi da latas a shekarar 2018 bai nuna cewa shingen ya rage ɓarna ba.

Idan aka dawo Bakolori, dabarar tana da ƙarin cikas. Na farko, gefen komi tudun ƙasa ne da ake fasawa a kwararo ruwa, saboda haka laka za ta binne ƙarfen. Na biyu, jan ƙarfe yana da tsada. Na uku, busasshiyar iskar hunturu ba ta yi wa dodon koɗin tudu daɗi.

Wanda ya fi zama abin tsoro a nan shi ne ƙaramin dodon koɗin da ke zaune cikin magudanan ban-ruwa, domin a jikinsa ne ƙwayar cutar tsargiya take girma kafin ta huda fatar manomi ko yaron da ya shiga ruwan, har ya riƙa fitsarin jini. Shinge ba ya tare wannan. A shirin noman rani na Jazira da ke Sudan an taɓa zuba shuɗin gishirin jan ƙarfe a magudanai don kashe shi, amma gishirin yana kashe kifi.

A taƙaice, yashe magudanai da cire ciyawar da dodon koɗi ke maƙalewa, da hana yin fitsari a cikin ruwa, da shan maganin tsargiya, sun fi shingen amfani ga manomin wannan yanki.